Kaluluwa Uku a Aljihu

Bahago ya zura wuƙa tsakanin huhun saniyar, ya ɗan murɗa wuyan hannu, ya zaro kaluluwa ta uku. Ta fi sauran girma, ta kai ƙwan kaza, ga tauri kamar an ɗura mata tsakuwa. Ya saci kallon dama da hagu, ya jefa ta aljihun rigar ledarsa inda 'yan'uwanta biyu suke, sannan ya jawo kitse ya rufe gurbin, ya shafe da bayan wuƙa.

Shekara ashirin da huɗu yana fawa a kwatar nan, kuma haka ya tarar da manyansa suna yi. A faɗarsu, cuta a cikin kaluluwa take zaune, in ka cire ta ka raba nama da cuta, kamar yadda ake yanke ruɓaɓɓen gefen albasa a ci saura. Likitan dabbobi mai zagayen duba nama kullum a gurguje yake, shanu sun yi masa yawa. Abin da idonsa ya gani yake tsagawa, ya buga hatimi ya wuce. Mahauta sun sa masa suna Sai-an-tsaga.

Dogo, wanda ƙugiyar rataye namansa ke maƙwabtaka da ta Bahago, ya zungure shi da gwiwar hannu, ya ce ya gyara tsayuwa ya share gemu, yau Sai-an-tsaga da ɗalibai ya zo, kuma likitar gidansa tana cikinsu.

Sai a lokacin Bahago ya tuna. Shekaranjiya 'yarsa ta gaya masa za a kai su kwata gwaji, yana sauraren rediyo ya ce Allah ya ba da sa'a, bai ko tambayi wace rana ba. 'Yarsa ce ta fari, wadda yake kira Uwata, tana shekara ta uku a makarantar koyon lafiyar dabbobi. Babu mahaucin da bai gaji da jin labarinta a bakinsa ba.

Ɗaliban su shida ne, cikin fararen riguna da dogayen takalman roba, suna ɗage ƙafa a kan jiƙaƙƙen siminti. Likita ya tsaya tsakiyar layi ya sanar da cewa kowane ɗalibi saniya guda zai duba, maki kuma a nan take za a rubuta, wanda ya faɗi sai ya maimaita zango. Ya rarraba su da bakin biro. Biron ya nuna yarinyar, ya nuna ƙugiyar Bahago.

Ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba." Haka sauran ɗaliban ma suka gaida nasu mahautan, don haka likita bai kawo komai a ransa ba. Bahago ya amsa a ciki-ciki.

Likita ya fara da tambayarta mece ce kaluluwa. Ta yi bayani a natse, hannunta a baya. Ta ce ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi a jikin dabba da suke kwashe wani ruwa garai-garai daga cikin tsoka su mayar da shi jini. A kan hanyar akwai kaluluwa jere-jere, kowace da yankin da take gadi: na kai daban, na huhu daban, na hanta da hanji daban. Duk ruwan da ya biyo sai ta tace shi, in da ƙwayar cuta ta tare ta, a gwabza a nan. Shi ya sa take kumbura. Ta ce kaluluwa mai gadi ce, kumburinta kuwa ihun da take yi ne cewa ɓarawo ya shigo gida.

Bahago bai taɓa jin ta yi magana haka ba. Daɗi ya taso masa, sai aljihunsa ya yi masa nauyi, daɗin ya koma ciki.

Ta tsaga kaluluwar ƙarƙashin muƙamuƙi, ta duba hanta, sannan ta zo kan huhu. Ta bi maƙogwaro da yatsa har inda ya rabu biyu, ta lalaba, ta sake lalabawa. Ta ɗaga kitsen nan. Yankan yana nan a fili, sumul, ya karkata daga hagu zuwa dama. Tun tana tsayawa a kan kujera don ta ga saman teburi take kallon hannun da ke yin irin wannan yanka. Ba ta ɗago ba. Ta mayar da kitsen a hankali yadda ta same shi.

Ta ce na huhun ba ta gan su ba.

Likita ya cire tabarau ya ce shi dai bai taɓa cin karo da saniyar da aka halitta babu su ba. Mahauta suka fara matsowa, wuƙaƙe a hannu, an samu abin kallo.

"Ɗayan biyu ne," in ji likita. "Ko ba ki iya nema ba, ko wani ya riga ki. Wanne zan rubuta?"

Ruwan famfo yana ta zuba a kwalbati. Dogo ya take wa Bahago ƙafa, alamar ya yi shiru, guguwa ce za ta wuce.

"Ban iya nema ba," in ji ta.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Likita ya girgiza kai, ya ce shekara uku a banza, ya buɗe littafinsa ya ɗora biro a kan layin sunanta.

Bahago bai san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ba. Ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan teburin ƙarfe, ta ukun ta gangara sai da ya tare ta da yatsa.

"Ta iya, ranka ya daɗe. Ni na riga ta."

Da ƙasa za ta tsage ta haɗiye shi a lokacin, da ya gode mata. Dogo ya matsa kusa da likita ya raɗa masa cewa yarinyar 'yar mutumin ce. Likita ya dubi uban, ya dubi 'yar. Daga baya ya tura mata babbar kaluluwar da bakin biro, ya ce ta ci gaba da aikinta.

Ta tsaga ta. Cikin ya fito rawaya-rawaya, busasshe, yana ƙaras-ƙaras a bakin wuƙa. Ba a ce mata ba, ta koma kan gangar jikin saniyar ta tono ta gaban kafaɗa, ta tono ta cinya, wuraren da Bahago bai taɓa sanin ana dubawa ba. Duk haka suke. Ta ce tarin fuka ne, kuma ya wuce huhu ya bazu a jiki. Likita ya tambaye ta hukunci. Ta faɗa: saniyar duka ba ta ciwuwa, sai rami.

Likita ya rubuta mata makinta, ya ce ta ci. Ya ƙara da cewa ƙaryar da ta yi ɗazu bai ji ta ba, amma kunnensa ba ya toshewa sau biyu. Bahago kuwa, likita ya ce ya same shi ofis in an tashi. Shi Bahagon da kansa ya sauke naman daga ƙugiya, ya tura baro zuwa bayan kwata, mahauta suna buɗa masa hanya, kowa ya sami abin da yake kallo a ƙasa.

A bakin famfo ta same shi, yana ta cuɗa hannun da ya riga ya fita. Ta miƙa masa sabulu. Ya fara magana ba tare da ya dube ta ba, ya ce Uwata, haka suka taso suka gani, su a saninsu in an cire kaluluwa nama ya tsarkaka, jahilci ne ba mugunta ba. Ta bar shi ya kai aya.

"Baba, naman da kake kawo mana gida, shi ma haka kake gyara shi?"

"Haba, Uwata," ya faɗa da sauri. "Ai irin wannan ban taɓa kai shi gida ba."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce. Ta dube shi, karo na farko tun safe, sannan ta kashe famfon ta koma wurin 'yan ajinsu.