Zafin Jikin Alhaji Ilyas

Duk Agadez an san Alhaji Ilyas, dillalin albasa, ba ya barin abin da yake nasa ya tafi. Ya taɓa tsayar da mota a tsakiyar hanya saboda albasa ɗaya da ta gangaro daga buhu. Matarsa Ramata ta daɗe da daina jin kunyar wannan hali, ta ɗauke shi kamar ɗingishi.

A tsakiyar ɗari suka je Dabaga, shi don lodin albasa, ita don barkar haihuwa. Da sassafe, suna shirin komawa gida, iska ta tsige hularsa ta jefa a tafkin simintin da ake tara ruwan garka. Hular tasa ce. Ya miƙa hannu, ya ƙara miƙawa, sai ya bi ta.

Abdou mai mota da Bashar maƙeri, wanda ya roƙi a rage masa hanya, su suka tsamo shi, da hular a hannu. Aka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, aka sa masa wata 'yar riga ta Abdou, aka zaunar da shi kan buhuna don kada ƙasa ta ƙara masa sanyi. Duk da haka haƙoransa na kaɗawa kamar kalangu. Ramata ta yafa masa mayafinta, iska ta ratsa shi kamar ba a yafa komai ba. Ta dubi leɓɓan mijinta, ta ga sun koma launin toka. Gari da nisa, motar kuma tagoginta ba gilashi.

Abdou ya ruga mota ya dawo da wani ƙunshi kamar na sabulu, saura daga zamanin da yake kai baƙi hamadar Tenere. Ya warware shi, sai ga wani abu shara-shara yana ƙyalli yana ƙaras-ƙaras, gefe ɗaya fari kamar azurfa, ɗayan rawaya.

"Voilà, Baba, bargon ceto ne. Farin a ciki, rawayan a waje."

Alhaji ya ja da baya. "Zi-zi-zinariya? Namiji da zinariya? In mu-mutu da haram a jikina?"

"Ba zinariya ba ce, Baba."

"Kai ma-malami ne?"

"To a juya, farin ya fito waje," in ji Ramata.

"Sai zinariyar ta ta-taɓa fatata ke nan! Kin ƙara lalata zancen."

Aka juya ga Bashar, tunda shi ne mai sanin ƙarfe. Bashar bai yi gaggawa ba. Ya sa tabarau. Ya ɗaga abin ya duba a rana, ya shinshina, ya ɗan cije gefensa, ya tsaya yana tunani kamar alƙali. Ramata ta ji kamar ta tura shi cikin tafkin shi ma.

"Alhaji," in ji Bashar a ƙarshe, "ko ɗan kunnen kaza ba za a ƙera da wannan ba. Leda ce aka shafa mata goran ruwa, wato alminiyam. Irin wadda ake naɗe alawa."

Ramata ta yi ajiyar zuciya. Ashe da sauran aiki.

"Alawa?" Alhaji ya ɗaga yatsa yana rawa. "Ni za a naɗe ka-kamar alawa? A gaban albasata?"

Daga nan maganarsa ta fara nauyi, kansa na rinjaya gefe kamar mai gyangyaɗi. Wannan ya fi kaɗawar haƙoran ba ta tsoro. Ta karɓi ledar daga hannun Abdou, ta murza ta tsakanin yatsu. Sanyi ƙalau.

"Abdou, wai ina zafin wannan abin yake?"

"Ba shi da zafi, Inna. Zafin jikin mutum ne ke fita, shi kuma ya tare shi ya maido masa, kamar yadda madubi ke maido fuska. Ya kuma hana iska shiga."

Ramata ta sake duban ledar. Sai ta durƙusa dab da kunnen mijinta.

"Alhaji, ka ji abin da yaron nan ya ce? Zafinka ne ke fita."

Ido ɗaya ya buɗe. "Nawa?"

"Naka. Wanda ka tara da tuwon jiya da shayin safe. Tun ɗazu yake zuba."

"Wa ke kwa-kwasa?"

"Iska. Tana kai wa mutanen Dabaga. Ga shi can ma akuyar mai garka ta matso tana shan rabonta."

Akuyar kuwa da gaske tana tsaye kusa, tana tuƙa. Ido na biyu ya buɗe.

"Ku rufe ni! Me kuke jira? Ku rufe har wuya!"

Suka naɗe shi tun daga ƙafa har ka, fuska kawai a waje, suka ɗora buhuna a sama. Shi da kansa ya riƙe bakin ledar gam, yana nuna wa Abdou inda ake yoyo. Bashar ya hura gawayi ya dafa shayi, Ramata ta riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. A hankali tokar leɓɓansa ta washe, kalangun ya yi shiru. Da ta tura hannu ƙarƙashin ledar ta ji ɗumi, sai ta juya baya ta share ido da bakin zane, ta ce hayaƙin gawayi ne.

Da rana ta ɗaga suka kama hanya, Alhaji a gaba yana walƙiya, mutanen hanya suna kare idanu. Sun wuce rabin tafiya gumi ya fara tsiyaya daga goshinsa.

"Alhaji, a cire haka nan, ka warke," in ji Ramata.

"Saboda me? Yanzu na fara tarawa."

Ya yi ƙaras-ƙaras, ya juyo wajen mai mota.

"Abdou, wanda ya fita kafin ku rufe ni fa?"

"Ai ya tafi, Baba."

Alhaji ya waiwaya wajen Dabaga, ya daɗe yana kallo.

"Akuyar nan," in ji shi, "ta sayarwa ce?"