Bitar Kafinta

Kafinta bai taɓa neman shiga fim ba. Kujeru ya kai wa masu shirya wani fim, mai ba da umarni ya dubi tumbinsa da faɗin ƙirjinsa ya ce, "Wallahi kamar a gidan kuɗi aka haife ka." Nan take aka ba shi fitowa ɗaya, zai fito a attajirin da ya kori matarsa. To, mutumin da ya tsufa yana shaƙar garin katako, ka ce masa yana kama da mai kuɗi, ai ka gama da shi.

Ya dawo gida da rigar aro da agogon da ba ya tafiya. Matarsa ce ke taya shi bita, ita ke amsa maganar matar attajirin, suna yi suna dariya. Ranar da tsautsayi ya faɗa, da hantsi, yana tsaye a tsakar gida cikin rigar nan, ya gama jero maganarsa ya ɗaga murya: "Fita min daga gida, na sake ki!" Daidai nan yayanta ya yi sallama.

Da ma akwai saki biyu tsakaninsu tun zamanin zafin kai, igiya ɗaya ta rage. Yayan bai tsaya jin bayani ba, ya ce ta ɗauko mayafinta. Abin da ya tsorata Kafinta shi ne ba ta yi musu ba. Ta ɗauko, ta bi shi.

Kafin azahar shagonsa ya cika da masu ra'ayi, babu wanda ya zo sayen ko kujerar tsuguno.

"Ta saku," in ji mai gyaran rediyo. "Wannan kalma ba a wasa da ita."

"Kai dai talauci bai yi ba," in ji mai wanki. "Da attajirin gaske ne ya faɗa, da yayan ne zai zo ba da haƙuri."

"To 'yan fim ɗin da ke saki kullum a talabijin, wa ya raba su da matansu?"

"Su ba matansu suke faɗa wa ba. Wa ya ce masa ana bita da matar aure?"

"Ni dai in fim ɗin ya fito ku kira ni in kalla."

Kafinta ya riƙe zarto, ya yanke ƙafar kujera ba a kan layi ba. Ya jefar, ya fice ko shagon bai rufe ba. Wajen malamin unguwa ya nufa, ya durƙusa yana bayani. Malam ya wanke shi tas da faɗa, sannan ya ce a fahimtarsa maganar wani ya maimaita, kuma ita ma ta san haka, don haka aure na nan.

Da gudu-gudu ya isa gidan yayan. Yayan ya tare ƙofa.

"Ranka ya daɗe, attajiri. An zo korar mu mu ma?"

"Yaya, don girman Allah. Malam ya ce ba ta saku ba. Ka bar ni in gan ta."

Ita da kanta ta fito, ta tsaya a bayan ƙyaure, idanunta a bushe.

"Maman yara, aure na nan. Tashi mu tafi."

"Na san yana nan. Ni ban ce ya mutu ba."

"To mene ne?"

"Na riga ka haddace maganar nan, baban yara. Attajiri cewa yake, ke ba ajina ba ce, fita min daga gida. Ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To 'dubi hannunki duk kaushi kamar bayan itace' fa? Wa ya ba ka wannan?"

Ya tuna. Rigar ta hau masa kai, maganar ta zo masa da daɗi, ya ƙara mata gishiri.

"Ai... ai don ya yi armashi ne."

"Ya yi armashi kuwa. Matar fim ɗin na gan ta a wayarka, hannunta kamar auduga. Nawa ka kalla ka faɗa. Wankin kayanka ne ya mayar da shi haka."

"Na fasa fim ɗin. Wallahi na fasa. Yau zan mayar musu da rigarsu."

"Kar ka fasa, ka iya. Ban taɓa ganin ka cikin farin ciki irin na ɗazu ba."

Ya zube a kan dakali, babban mutum, yana kiran ta da duk sunan da ya taɓa kiran ta da shi, har masu wucewa suka fara rage tafiya. Ta ce yara su zauna wajen kakarsu, ita tana nan sai zuciyarta ta sauka, kuma ba ta san yaushe ba. Ta tura ƙyaure a hankali.

Yayan ya dube shi, wannan karon babu zolaya. "Tashi ka je ka rufe shagonka."

"Ba inda za ni, Yaya."

"To matsa gefe, kana tare wa mutane hanya."

Ya matsa.