Tsagar Kulu

Turai ta kutsa cikin kasuwar Safo da ƙurar hanyar Madarumfa a ƙafafunta, Malam Kanta da tsohuwa Inde suna biye da ita. Masu Tsayuwa ake kiransu. Tun da satar mutane ta yi yawa a bakin tafki suka yi rantsuwa: duk inda aka ɗaure ɗa ko ɗiya da sunan bauta, za su tsaya gaban alƙali su yi shaida. Hujjarsu ɗaya ce, tsagar gado da ke fuska, don ita alƙali yake karɓa.

Yau Kulu ƙanwar Turai suka biyo, wadda aka ɗauke wajen wanki.

Turai ta hango ta a rumfar Gwamna dillalin bayi, igiya a wuya, an yafa mata tsumma a kai. Alƙalin kasuwa yana zaune a kan buzu kusa da rumfar.

"Allah gafarta Malam, wannan ɗiya ce, ba baiwa ba," in ji Kanta. "A buɗe fuskarta a gani."

Gwamna ya yi murmushi, ya yaye tsumman da kansa.

Kumatun Kulu duka biyu sun saɓule, jajaye, suna ruwa. Inda tsagar gidansu take, shatin ƙarfe ne kawai.

"Ciwon haƙori ya dame ta, na yi mata magani," in ji Gwamna. "Ni ba na barin kayana da ciwo."

"Dubi tawa fuskar, Malam," in ji Turai. "Wanzami ɗaya ya yi mana, nono ɗaya muka sha."

"Taki na gani, yarinya. Tata fa?" Alƙali ya kawar da kai. "Kuma ɗan'uwa ba ya shaidar ɗan'uwa. Kun san ƙa'ida, ku kuka roƙa a kafa ta."

Wani Buzu ya riga ya saya. Da ya ja igiyar, Kulu ta buɗe baki da ƙyar.

"Yaya, ki ce wa Inna ban yi kuka ba."

Turai ta tsaya tana kallo har raƙuman Buzun suka shige bayan rumfunan gishiri. Inde ta kama hannunta.

"Mu tafi gida, ɗiyata. Yau kam an gama da mu."

Turai ba ta motsa ba. A bayan rumfar Gwamna ta ga murhu, ƙarfen yana cikin garwashi, bakinsa ya fara ja. Kusa da murhun wata mace ce a ɗaure, ba ta taɓa ganinta ba, tsagar Gobirawa raɗau a kumatunta.

Ta zare hannunta daga na Inde, ta koma gaban buzun alƙali.

"Allah gafarta Malam, akwai wata. Ka taso ka duba yanzu, tun tana da fuska. Wannan ba 'yar'uwata ba ce."