Robar Yashin Gimbiya

Tun kafin ta ɗaga leshin ta ji zarnin. Duk da haka Maman 'Yan Biyu ta kai shi hanci, sannan ta wurgar da shi kan keken ɗinkinta, ta ja dogon tsaki. Leshin wata malamar asibiti ne da za ta zo karɓar ɗinkinta da yamma, ga shi kyanwa ta jiƙe shi sharkaf da fitsari. Ita kuwa mai laifin tana kan hannun kujera tana lasar ƙafa, ko a jikinta.

Kyanwar ta surukinta ce, mahaifin maigidanta. Da matarsa ta rasu 'ya'yansa suka ce ba zai zauna shi kaɗai ba, aka kwaso shi zuwa wannan gidan haya na saman bene, da jakarsa da sandarsa da kyanwar marigayiya, wadda yake kira Gimbiya. A can suna da tsakar gida, kyanwa ta tona ƙasa ta binne abinta ba wanda ya sani. A nan ko'ina siminti ne, sai aka sayo faffaɗar roba aka zuba mata yashi. Wannan roba ita ta hana Maman 'Yan Biyu sakat.

Banɗaki aka fara kai ta, maigidan ya ce shi ba zai yi alwala yana shaƙar kashin kyanwa ba. Da ya ambaci kicin ta ce sai dai bayan ranta. Aka fitar da ita baranda, matar da ke ƙasansu ta hauro tana kumfar baki, wai yashi yana zubo mata kan shanya. Bayan ƙofar falo kuwa 'yan biyu, da yake rarrafe suke, suka mayar da ita wurin wasa, har ta tsinci ɗaya da yashi dumu-dumu a baki. Kullum da safe sai ta ɗauki roba tana zagaye gida da ita kamar mai talla.

Ta danna wa maigidan kira. Gyaran fanka yake yi a bakin kasuwa, amma kowa Injiniya yake ce masa, shi ma kuma ya yarda.

"Kyanwar gidanku ta gama da ni," ta ce, ko gaisuwa babu. "Ta yi fitsari a leshin mutane."

"To ki wanke mana."

"In wanke? Da wane baki zan gaya wa matar? Kai ka ɗebo da zafi, bakina ke ƙonewa!"

"Ina da mutane a shago. Ki yi yadda kika ga ya dace." Ƙit, ya kashe wayar.

Zuciya ta zo mata wuya. Ta zazzage kwalin da take tara ƙyallaye, ta cafko Gimbiya ta ƙeya ta jefa ciki, ta ɗaure da tsumma. Bayan rumfar mahauta za ta kai ta, can ta ƙarata. Ta yafa gyale, ta goya ɗaya daga cikin 'yan biyun, ta saɓi ɗayan, ta rungumi kwali.

Sai dai ba a kai wa ƙofa sai an bi ta gaban tsohon. Yana zaune a lungun da ke tsakanin falo da ɗakuna, ya jingina da katifarsa da aka naɗe. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, yau ma ta rusuna kamar kullum.

"Baba, zan fita da ita. Ta ɓata mini kayan mutane. Wallahi na gaji."

Ya dubi kwalin da ke motsi. Ta shirya wa roƙo, ta shirya wa faɗa, bai yi ko ɗaya ba.

"Gidanki ne, 'yar nan. Kin yi haƙuri da yawa. Amma ba ƙazama ba ce. Ɗazu ina kallonta. Ta je bayan ƙofa inda ta bar robar jiya, babu. Ta nufi baranda, a rufe. Ta yi ta zagaye tana kuka har abin ya fi ƙarfinta." Ya yi 'yar dariya. "Ni kaina in na farka, sai na yi lalube kafin in tuna a wane ɗaki aka shimfiɗa mini."

Ba da ƙorafi ya faɗa ba, abin da ya fi ƙona ta ke nan. Ɗakin yara aka fara sa shi, kukansu ya hana shi barci. Aka mayar da shi falo, ranar da Injiniya zai kalli ƙwallo da abokansa kuma a jawo shi lungu. Da hannunta take naɗe katifar nan kowace safiya, ba ta taɓa tsayawa ta yi tunani ba.

Kunya ta kama ta, amma fushin bai sauka ba, hanya kawai ya sake. Ashe an bar jaki ana dukan taiki. A ƙarshen lungun akwai ɗan ɗaki har da tagarsa, maƙare da matattun fankoki da Injiniya yake tarawa, wai kowacce akwai ranarta. Sun cika ɗakin har sun tumbatso cikin wani ɗan saƙo da ke bakin ƙofarsa.

Ta dire kwali, ta zaunar da yaran a gaban kakansu, ta ci ɗamara. Fanka mai tsaye, fanka ta sama, mai kai ba ƙafa, mai ƙafa ba kai, duk ta ja su ƙiiii zuwa matakala ta jibge. Matar ƙasa ta leƙo za ta yi magana, ta ga fuskarta, ta koma. Maman 'Yan Biyu ta share ɗakin ta goge, ta shimfiɗa katifar a gindin taga, ta tura robar yashi cikin saƙon, sannan ta kwance kwali. Gimbiya ta fito ta harare ta, ta shinshina saƙon, ta shige ta fara tona.

Malamar asibiti ta zo ta tarar da leshinta a kan igiya yana ɗiga, ta zazzaga mata masifa son ranta, ta ce wannan ne ɗinkinsu na ƙarshe. Maman 'Yan Biyu ta shanye, ta koma kan kekenta.

Gab da magariba aka ji ƙarar ƙarfe a matakala, da salatin wanda ya yi tuntuɓe. Injiniya ya faɗo gida yana riƙe da ƙauri.

"Wa ya fitar mini da kaya? Kin san abin da ke cikin nan kuwa? Ina kike so in kai su?"

Ba ta ɗago daga kan keke ba.

"Ka ce in yi yadda na ga ya dace."

Ya nufi ɗan ɗakin a fusace, ya yi turus a bakin ƙofa. Mahaifinsa yana zaune bakin katifa, ya rataye carbinsa a jikin taga, yana jera magungunansa a kan dakalinta.

"Sannu da zuwa," tsohon ya ce. "In ka fita ka jawo mini ƙofar."