Burgamin Halilu

Sanusi Mai Baka shi ya fara gani. Tun ranar da Fahad ya tsuguna a gabansa yana shafa fuskar waya, tsohon ya san inda maganar za ta ƙare, alhali duk garin Banga ba wanda ya farga. Ba abin mamaki ba ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana bin sawu a dajin Zurmi, wanda ɓauna ta yi sama da shi ya tashi da ƙafafunsa, wanda ɓarayin daji suka riƙe kwana tara har suka gaji da bakinsa suka sako shi, ba hoto ne zai ruɗe shi ba. Bai taɓa zama aji ba, amma in ya dubi ƙasa zai faɗa maka abin da ya wuce ta wurin da lokacin da ya wuce.

Fahad shi ne autan Halilu, Halilu kuwa abokin farautar Sanusi ne tun suna samari. Tun tsakiyar damina Halilu yake kwance, ƙafafu sun kumbura, ido ya dushe, sai hannu da hanci suka rage masa. A gidansu akwai wani burgami, jakar maharba ta fatar gada, da layu da ƙyastu da ƙahon busa a ciki, wanda ya bi hannun kakanni bakwai. Ba a ba ɗa shi sai ya harbo naman dawa mai kofato da hannunsa, ya kawo gaban uba da fatarsa, uban ya shafa, a feɗe a gabansa, ya ci hanta. Yayyen Fahad duk sun watse neman abinci. Shi kaɗai ya rage, ga shi ɗan boko, ya gama poli a Kaura yana haɗa wa mutane sola. Harbinsa bai wuce gwangwani a kan kututture ba.

"Baba, kai za ka kai ni," in ji Fahad. "Jiya ma sai da mahaifina ya tambaye ni burgamin nan wa zai bar wa."

"In kai ka ina?" Sanusi ya ce. "Rabona da sawun barewa shekara goma sha ɗaya. Dajin da ka ji muna faɗi, rabi an sare an yi gawayi, rabi masu babura sun zaune shi. In kana so, mu bi bakin gulbi bayan Galadi, mu yi kwana uku muna yawo. Ƙila mu samu, ƙila mu dawo da ƙaya a ƙafa, ƙila kuma kar mu dawo."

"Kwana uku, kuma ba tabbas?"

"Tabbas? Ubanka bai taɓa ce ma uwarka ta aza tukunya kafin ya dawo ba."

A nan ne yaron ya juyo da wayar. Hotuna ne na wani mutum mai suna Safwan, wanda ya buɗe shago a Kaura Namoda yana kai masu sha'awa farauta. Ga wani alhaji ya ɗora ƙafa a kan barewa, ga wani ɗan kasuwa riƙe da ƙaho yana dariya. Safwan ya ce rana ɗaya ce, a fita da safe a dawo da nama kafin la'asar, babur da bindiga da ruwan sha duk nasa ne.

Sanusi ya ce sai ya ga mutumin da idonsa. Ranar kasuwa suka hau babur zuwa Kaura. Shagon yana bayan wata rumfar masu hatsi, an jera ƙahonni a bango, Safwan na zaune cikin wando mai aljihu shida da takalmin da bai taɓa sanin taɓo ba.

"Sannu, Sarkin Dawa," in ji Sanusi. "A wannan wata mi barewa ka ci?"

"Ciyawa mana, Baba."

"Wace?"

Safwan ya yi dariya ya dubi Fahad. "Kakanka ne? Baba, zamani ya wuce nan. Mu da waya muke aiki, ina da yara a ko'ina, da sun ga garke sai su kira ni."

"Garke," Sanusi ya maimaita. "Allah mai iko. Ɗan ɗaga mini ƙafar wandonka."

Safwan ya ɗaga don raha. Ƙwaurinsa sumul, ko tabon sarƙaƙiya ɗaya babu. Sanusi ya yaye tasa rigar ya nuna nasa, kamar an yi sassabe a kai.

"Babur ɗinmu ba ya ɗaukar uku," in ji Safwan, dariyar ta ragu. "Kai, saurayi, in ka shirya jibi ne. In tsoho za ka bi, ga hanya."

A kan hanyar komawa Sanusi ya yi ta magana har bakinsa ya bushe. Ya ce jagoran ƙwarai tambayarka yake yi ko ka iya tafiya, ko ka iya yin shiru, ko za ka jure dawowa hannu biyu. Wannan kuwa bai tambayi komai ba. Da suka hango rumbunan Banga, Fahad ya tanka.

"Baba, na ji. Amma in na bi ka kwana uku na dawo ba komai, na tarar an kai shi makwancinsa fa?"

Tsohon ya kau da kai ya dubi hanya.

Ranar da aka sa, kafin a kira la'asar, sai ga babur ya shigo gari da barewa ɗaure a baya. Yara suka bi shi a guje, don cikinsu ba wanda ya taɓa ganin barewa. Mata suka rangaɗa guɗa ta kan katanga. Safwan ya sauke Fahad da naman a ƙofar gida, ya ɗau hoto, ya juya ko ruwa bai sha ba.

Sanusi ya ratsa mutane ya duƙa. Kallo ɗaya ya yi. Dabbar ta yi ƙiba irin wadda daji ba ya ba kowa a ƙarshen rani. Kofatanta sun yi tsawo sun lanƙwashe, na wadda ba ta taɓa gudu a kan marmara ba. Ƙasa da wurin yanka, gashin wuya ya goge ya zagaye, faɗin yatsa biyu.

Ya ja Fahad gefe. "Da ta gan ka, mi ta yi?"

"Ta tsaya."

"Sannan?"

Yaron ya sunkuyar da kai. "Ta taho wajena."

Sanusi ya dubi ƙofar ɗakin da abokinsa yake kwance. Shekara saba'in da wani abu bai taɓa yi wa nama ƙarya ba, amma ranar ya zaro wuƙarsa ya ce a kawo tabarma, shi zai feɗe a nan waje, a kai wa mara lafiya hanta kawai kada a wahalar da shi.

Sai murya ta fito daga ɗaki, a shaƙe amma kowa ya ji. "Mai Baka, tun yaushe aka feɗe ma uba nama bayan idonai? A shigo da ita da fatarta."

Aka shigar da ita. Aka tayar da Halilu aka jingina shi da bango, burgamin yana kan cinyarsa, ya riga ya sa an sauko masa da shi tun da ya ji guɗa. Fuskarsa ta yi haske irin wanda Sanusi ya manta. Halilu ya miƙa hannu ya fara daga ƙaho, yana murmushi.

"Mace ce. Ta yi shekara uku. Yaro, ina ka same ta?"

"Gabas da Shinkafi, Baba."

"Harbi ɗaya," Sanusi ya yi maza ya ce. "A haƙarƙari. Ni kaina da ƙuruciyata sai haka."

"Kai da ƙuruciyarka jaki ka harbe ka ce gwanki ne," in ji Halilu, har ya yi 'yar dariya.

Hannun ya gangaro wuya. Ya wuce wurin, ya dawo. Ya zagaya da yatsa a hankali har ya haɗe inda ya faro. Daga nan ya lalubo ƙafar gaba ya riƙe kofaton, ya daɗe yana murza shi. Murmushin bai tafi gaba ɗaya ba, a hankali ya riƙa janyewa.

"Buɗe mini tumbi," ya ce.

"Halilu, bari a ciro hanta tukuna, ka ga jikinka..."

"Buɗe."

Haka maharba suke yi tun fil azal, a buɗe tumbi a ga abin da dabba ta ci, don a san inda 'yan uwanta suke kiwo. Sanusi ya tsaga. Halilu ya sa yatsu biyu ya ɗebo ya kai hanci. Dusa ce da kanwa, da ɗan guntun harawa.

"Sanusi," ya ce, kuma rabon da ya kira shi da sunan yanka har an manta, "wane daji ne ka tsirar da dusa?"

Sanusi ya duƙa yana goge wuƙarsa.

Halilu ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin ɗansa. "Ka sani?"

"Kafin in harba ban tabbatar ba," in ji Fahad. "Wata fadama ce, Safwan ya ce in laɓe in jira. Da ta faɗi sai na ji wata mata a bayan shinge tana kuka, tana kiran ta da suna."

A waje yara suna ta gardamar wa zai samu ƙaho.

"A raba ma maƙwabta," in ji Halilu. "Halal ce, an yanka. Hantar a ba yara." Ya goge yatsunsa a zane, ya ɗauki burgamin da hannu biyu. Fahad ya ɗago kai. Tsohon ya miƙa shi ta ɗaya gefen. "Riƙe, Mai Baka."

"Ni ba jininku ba ne."

"Riƙe dai. Ba laifin yaro ba ne, abin da babu ya tafi nema. Ni ne na kwanta nan ina tsammanin dajin yana inda na bar shi."

Ya zame ya kwanta ya juya wa ƙofa baya. Bai ƙara tambayar komai ba, ko fura sai an matsa masa. Ranar Juma'a da hantsi aka kai shi makwancinsa. Fahad ya yi kwana bakwai ya koma Kaura, kuma ko ya zo gaida uwarsa ba ya bi ta ƙofar Sanusi. Shagon Safwan yana nan, an ce har ya ƙara babur.

Burgamin yana rataye a ɗakin Sanusi, kusa da fatar barewar da ya shanya da kansa. Shi ma ba wanda zai ba. Ɗansa ɗaya yana kudu yana acaba, ɗayan a gona aka harbe shi shekara huɗu da suka wuce. Kullum da hantsi yana zama a gindin darbejiyar ƙofar gidansa yana ba duk wanda ya tsaya wannan labari, yana cewa shi ya fara gani, ya faɗa, ba a ji ba. In wani ya yi murmushi ya ce tsoho akwai ƙari, ko ya ce ai har yanzu akwai nama a daji, sai ya shiga ya fito da fatar ya shimfiɗa a ƙasa.

"Sa yatsanka a wuyan nan ka zagaya," yake cewa. "In bai ishe ka ba, ga hanya nan. Daga Kaura zuwa Zurmi, daga Zurmi zuwa Shinkafi, ka nemo mini sawun barewa ɗaya wadda ba ta san igiya ba. Ba nama na ce ba, sawu kawai. Ka zo ka kai ni in gani, in ɗauko burgamin nan in rataya maka da hannuna."