Motar Farko ta Gidan Vaghela

Saura sati uku kamfanin Mansukh Vaghela da ke Rajkot ya cika shekara arba'in yana ƙera ƙananan motocin haƙa, sai maigidan ya tashi da wata sabuwa: lallai a nemo motar farko da ya harhaɗa da hannunsa, a kafa ta a bakin ƙofa ranar biki. Aikin ya faɗo kan Darshana, wadda ta shekara tara tana sauraron koken masu saye.

Kwana huɗu tana buge-bugen waya kafin ta gano motar a garin Gondal, hannun wani tsoho, Ravji, mai haƙa magudanun ruwa. Ta same shi cikin wani lungu, motar na ta tari da hayaƙi, ko ɗigon fenti babu a jikinta. Ta ce kamfani zai musanya masa da sabuwa fil. Ya sa aka kawo shayi da wani soyayyen abin taɓawa da ake kira gathiya, ya saurare ta tsaf, sannan ya ce a'a.

Zuwa na biyu da sabuwar ta zo, a bayan babbar mota. Ravji bai yi gardama ba, lungun kawai ya nuna wa direba. Aka gwada gaba, aka gwada baya, motar ta ƙi shiga. Faɗinta ya fi bakin lungun da taƙi guda.

"'Yata, ni a lungu abincina yake," in ji shi. "Taku ta yi ƙiba. Da gani a gidan masu hali ta tashi."

'Yan kallo suka kwashe da dariya. Ba dariyar ce ta ƙona wa Darshana rai ba. Sau uku tana rubuta wannan magana a rahoto, cewa mutanen tsofaffin garuruwa suna kuka da faɗin motocin. Amma Hiren, ɗan maigida, 'yan kwangilar manyan tituna yake hange, kowace shekara sai an ƙara wa motar jiki.

Ta koma ta zayyana wa Mansukh komai. Zancen faɗi ya bi ta bayan kunnensa. Cewa ya yi ba ta iya magana da manya ba, ta koma ta roƙi aro ko na wuni ɗaya ne. Ta koma. Ravji ya ce damina ta ƙarato, unguwa biyu na jiransa, motarsa ba ta da lokacin zuwa biki.

A ƙarshe hoton motar aka ɗauko, aka faɗaɗa shi aka rataye a ƙofa. Mansukh ya tsaya a ƙarƙashinsa ya yi jawabin sa'a guda kan yadda kamfani bai taɓa mantawa da asalinsa ba. Darshana tana can baya, ko tafi ba ta yi ba.

Washegari Ravji ya bugo mata waya, wani ƙarfe ya karye a hannun motar. Da ta tambaya, mai kula da siton kamfani ya ce shekara goma sha takwas ke nan da daina yin irinsa.

"Baba, auno mini shi ka faɗa mini," ta ce wa Ravji.

Ta kai awon wurin masu yankan ƙarfe da kanta, ta tsaya a kansu har suka fitar.