Ƙullutu Biyu a Wuyan Iya Nike

Ni na raka Nimota asibiti, don mijinta Kazeem ko allurar rigakafi ya gani sai ya nemi wurin zama. Teburinta yana kusa da nawa a kasuwar Abattoir, ita kayan ciki, ni kayan miya. Iya Nike muke ce mata. Wuyanta ya daɗe da kumbura, kowa yana cewa maƙoƙo ne, a ƙyale shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Da aka yi hoto, wata likita ta nuna mana ƙullutu biyu. Ɗaya kamar ƙwan kaza, shi ne kowa ke gani. Ɗayan yana laɓe a bayansa, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce za ta sa siririyar allura ta ɗebo ɗan abin da ke cikin kowanne, a duba ko ciwon daji ne.

Aka kwantar da ita, aka hana ta magana da haɗiyar yawu. Hana Iya Nike magana ai ya fi allurar ciwo. Babban ƙullutun ashe ruwa ne zalla. Sirinji ya cika da wani abu kamar shayi, wuyan ya saɓe muna kallo. Ƙaramin kuwa da ƙyar allurar ta shige shi, na ga likitar ta daina fara'a.

Da muka koma karɓar sakamako, aka ce babban ba matsala. Ƙaramin ne abin da aka ɗebo bai isa a gane komai ba, sai an sake, kuma kada a ja lokaci. Likitar ta faɗa da Hausa, ta maimaita da Turanci. Nimota ta shafa wuyanta sumul, ta yi godiya har da durƙuso, muka fito.

Daga ranar, duk sanda na ɗauko zancen sai ta ce bikin 'yarta Nike ya matso, bayan biki. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kai ƙara wurin Kazeem. Ya ce in bar tsokano tsuliyar dodo, ƙarfe ya taɓa wurin sau ɗaya an tsira. Aka ɗaga bikin, aka sake ɗagawa, damina ta zo ta wuce. Haushi ya sa na bar zancen, amma tsoro bai bar ni ba.

Ranar biki ni ta kira in ɗaura mata gwaggwaro. Ina jan ƙyallen ta bayan kunnenta, yatsana ya sauka kan wani abu a gefen wuya, can nesa da inda aka sa allura. Tauri kamar tsakuwa. Na ɗan matsa, na ji wani a ƙasansa.

Ta kama hannuna ta riƙe gam, idonta a kan madubi.

"Na sani, Magadaliya," ta ce a hankali. "Tun watan jiya. Ɗaura kawai, Nike yana jira."